Aikin Sa Kai a Ƙungiyar Ƙwallon Unguwa: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Zama Koci ko Mai Shirya Gasa

Yawancin waɗanda ke kama aikin horar da yaran unguwa a garuruwa irin Kano, Kaduna, Jos da Katsina ba albashi ke gare su ba. Sha'awa ce ta kawo su, ko kuwa takaicin ganin yara suna gararamba bayan la'asar. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sabon shiga ya fi cin karo da su, kuma mai karatu zai lura cewa kaɗan ne a cikinsu suka shafi dabarar cin wasa. Abin da ke rushe ƙungiya yawanci a wajen fili yake faruwa.

Ban taɓa buga wa babbar ƙungiya ba. Zan iya zama koci?

Ƙwarai kuwa. Iya taka leda daban, iya koyar da ita daban. Tsohon ɗan wasa da yawa yakan kasa haƙuri da yaron da bai iya tsayar da ƙwallo ba, domin shi ya manta lokacin da ya koya. Abubuwa uku ake nema a wurinka tun farko: zuwa a kan lokaci kullum, sanin dokokin wasa, da iya riƙe harshe a gaban yara. Dokokin guda 17 ne, hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo a duniya ke fitar da su, kuma ana samunsu kyauta a intanet. A karanta su da kyau, musamman dokar satar gida da ta taɓa ƙwallo da hannu, don a kan su ake yawan musu.

Idan da hali, ka yi wata biyu ko uku kana mataimaki a ƙarƙashin wani koci kafin ka riƙe yara kai kaɗai.

Sai da takardar shaidar horarwa?

A ƙwallon unguwa ba mai tambayar ka takarda. Amma in ƙungiya ta fara hawa sama, buƙatar za ta taso. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, tana da lasisi hawa-hawa: D, C, B, A, sai na ƙwararru a ƙololuwa. Daga D ake farawa, kuma ta hannun hukumar ƙwallon ƙasa, NFF, ake shirya kwasa-kwasan. Akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, da ke Surulere a Legas, wadda ta daɗe tana horar da kociyoyi. Ofishin hukumar ƙwallon jiharku shi ne wurin da za a je a ji lokacin da za a buɗe kwas. Duk da haka, in kuɗin abu ɗaya ne kawai a hannunka, fara da koyon agajin gaggawa wurin ƙungiyar Red Cross ko wani ma'aikacin lafiya. Shi za ka fi saurin buƙata.

Mutum nawa ake buƙata kafin a ce an kafa ƙungiya?

Manya huɗu aƙalla: koci, mataimakinsa, sakatare, da ma'aji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙungiyar da mutum ɗaya ne koci, shi ne mai karɓar kuɗi, shi ne mai zaɓen wanda zai buga, ba ta cika shekara biyu ba a zarge shi da wani abu ba, ko da yana da gaskiya. A nemi dattijo mai faɗa a ji a unguwa ya zama uban ƙungiya. Amfaninsa ba kuɗi kaɗai ba ne. Shi ne wanda zai shiga gidan mai unguwa ko ofishin 'yan sanda a saurare shi.

A rubuta ƙa'idojin ƙungiya a shafi ɗaya ko biyu: wa ke da ikon cire kuɗi, yaya ake korar ɗan wasa, yaushe ake sake zaɓe, me zai faru da kayan ƙungiya in ta watse. Wannan na ƙarshe ana raina shi, alhali a kan jesi da raga abokai da yawa suka daina gaisawa.

Ba mu da fili. Ina za mu fara?

Filayen makarantun firamare da sakandare na gwamnati su ne madogara a yawancin birane. A je wurin shugaban makaranta da takarda, a kuma sanar da mai unguwa. Izinin baki ba ya daɗewa, don ranar da aka canja shugaban makaranta ko aka kewaye ta da katanga, sai a wayi gari mai gadi ya ce bai san da zancen ba. Takardar ta faɗi ranaku da awanni, da alƙawarin share wuri da biyan duk tagar da ƙwallo ta fasa.

Kafin kowane atisaye, a jera yara su taka filin daga wannan kai zuwa wancan suna tsince kwalabe, ƙusa, gwangwani da duwatsu. Minti biyar ya isa. Turakun raga na ƙarfe waɗanda ba a binne su ba haɗari ne babba, domin yara suna son lilo a jikinsu, kuma in suka kifo a kan yaro suna iya kisa. A binne su da siminti ko a daddanne su da buhunan yashi.

Yaya ake auna fili da zana layi?

Filin manya tsawonsa mita 90 zuwa 120, faɗinsa 45 zuwa 90. Raga mita 7.32 a faɗi, 2.44 a tsaye. Wurin bugun fenariti mita 11 daga layin raga, babban da'irar mai tsaron gida kuma mita 16.5. Kewayen tsakiya ana zana shi da igiya mai tsawon mita 9.15 da aka ɗaure a turke.

Inda ake kuskure shi ne kusurwa. In an yi da ido, filin yakan fito a karkace. A samu igiya mai mita 12, a ƙulla ta a mita 3 da kuma mita 7, a haɗa bakunan biyu. Mutum uku su ja ta ta miƙe a wuraren ƙullin, sai ta ba da siffa mai gefe 3, 4 da 5. Kusurwar da ke tsakanin gefen 3 da na 4 daidai take cif. Da toka ko farar ƙasa ake zana layi. A guji ɗanyen farin garin laim (lime) da magina ke jiƙawa, yana ƙona fata da ido.

Yara 'yan ƙasa da shekara 12 bai kamata su buga a filin manya ba. A raba shi gida biyu a kwance, a yi bakwai-bakwai a wuri kamar mita 55 da 37. A babban fili yaro yana iya yin minti goma yana gudu bai taɓa ƙwallo ba, abin da zai koya kawai shi ne dokan ta sama.

Waɗanne kaya ne dole?

Ƙwallo ita ce gaba da komai. Ga yara 20, a nemi aƙalla guda 6, in da hali 10, ta yadda kowane yara biyu za su samu ɗaya. Ƙwallo mai lamba 5 ta manya ce da waɗanda suka haura shekara 13 ko 14. Lamba 4 ta 'yan tsakiya. Lamba 3 ta ƙananan da ba su kai 9 ba. Sai famfon iska da alluransa biyu ko uku, domin allurar ta fi famfon saurin ɓata. Sai usur, agogo, rigunan rarrabe ɓangare kala biyu, jarkar ruwa mai lita 20 ko 25, da akwatin agaji. Mazuban shata wuri ba sai an saya ba, gorunan ruwa da aka cika da yashi suna yin aikin.

Sabuwar ƙungiya takan zuba duk kuɗinta a jesi mai suna a baya, ta tashi da ƙwallo ɗaya. Jesi na iya jira. Abin da bai kamata ya jira ba shi ne makarin ƙwauri, don doka ta wajabta shi a wasa, kuma ba shi da tsada in aka kwatanta da kuɗin ɗori.

Yaya ake tsara atisaye na rana ɗaya?

Tsakanin idar da sallar la'asar da kiran magariba awa ɗaya da rabi ake samu, wani lokacin ƙasa da haka. Minti 15 zuwa 20 na farko na ɗumama jiki ne. Akwai tsari da aka sani da FIFA 11+, wanda ya haɗa sassarfa, motsin ƙarfafa cinya da ciki, tsayuwa da ƙafa ɗaya da koyon dirowa daga tsalle. An shirya shi don rage rauni ga 'yan shekara 14 zuwa sama, kuma akwai na ƙananan yara daban. Bayan haka minti 20 a kan fasaha guda ɗaya tak, misali karɓar ƙwallo da cikin ƙafa a juya. Sai minti 20 na ƙaramin wasa, uku da uku ko huɗu da huɗu, da sharaɗin da zai tilasta amfani da abin da aka koya. Sauran lokacin a bar su su buga wasa sosai, koci ya rage surutu.

Alamar atisaye marar kyau a bayyane take: dogon layi na yara goma sha biyar suna jiran kowa ya buga sau ɗaya. In ka ga haka, raba su rukuni uku. Bayani kada ya wuce minti ɗaya. Nuna da ƙafa ya fi. Kuma a daina hukunta yaro da zagaya fili sau goma don ya makara, hakan yana sa ya ɗauki gudu a matsayin horo. A zaunar da shi minti goma na farkon wasa, wannan ya fi yi masa ciwo.

Sau uku a mako ya wadatar wa 'yan makaranta.

Lokacin zafi da azumi fa?

Daga Maris zuwa Mayu a Arewa, a jinkirta farawa zuwa ƙarfe biyar, ko a koma safiya bayan asuba a ranakun da babu makaranta. A tsaya shan ruwa kowane minti 15 zuwa 20, ba sai yaro ya nema ba. Tsohuwar al'adar hana 'yan wasa ruwa wai don su yi ƙarfi ba ta da tushe, cutarwa ce zalla. Ruwan gishiri da sukari da za a iya haɗawa a fili: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Yaron da ya fara tangaɗi, yana magana ba kan gado, ko jikinsa ya yi zafi rau, a fitar da shi inuwa nan take, a cire masa riga, a kwarara masa ruwa ana yi masa fifita, a kuma nufi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Sanyayawar ba ta jiran isa asibiti.

A watan azumi, ko dai a mayar da atisaye mai sauƙi na minti 40 gab da shan ruwa, ko a koma dare bayan tarawihi in akwai fitila. Da hunturu kuwa ƙura ce matsala: a san masu asma tun daga fom ɗin shiga, su riƙa zuwa da abin shaƙarsu. Haka masu sikila. Ba a hana su wasa kai tsaye, amma sai da shawarar likita, kuma ba a matsa musu. Da damina, da an ji tsawa a fita daga fili, kada a fake a gindin bishiya, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Me za a yi in yaro ya ji ciwo?

A akwatin agaji a samu safar hannu, bandeji, auduga, filasta, almakashi, ruwan wanke ciwo da ƙanƙara a kula. Targaɗe shi ne ya fi yawa. A tsayar da yaron, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar sama. A kwana biyu na farko ba a murza wurin, ba a gasa shi da ruwan zafi, ba a shafa man zafi, don duk suna ƙara kumburi. In ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko kuma ƙashin ƙafar ne ke ciwo in an danna, sai an ɗauki hoto. Iyaye da yawa za su ce a kai wa mai ɗori. Wannan hukuncinsu ne, amma koci ya nace a fara yin hoton, musamman in raunin yana kusa da gaɓa, inda ƙashin yaro ke girma.

Buguwar kai ta fi ruɗi domin ba jini. In yaro ya yi karo ya tashi yana jiri, ciwon kai, amai ko ya manta abin da ya faru, ya gama wasa a ranar, ko da ya rantse ya warke, ko da wasan ƙarshe ne. A gaya wa iyayensa baki da baki. A Birtaniya ƙa'idar wasannin sa kai ita ce kada ya koma gasa kafin kwana 21, kuma wannan ma'auni ne mai kyau a bi. Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai tun 2015.

In ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi ba wanda ya taɓa shi fa?

A ɗauka zuciya ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Samuel Okwaraji haka ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana wasa da Angola. Chineme Martins na Nasarawa United ma ya faɗi a Lafiya a watan Maris na 2020. In bai amsa kira ba kuma ba ya numfashi daidai, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓa-karɓa ba tsayawa. Cusa cokali a baki, ɗura ruwa, ko taruwa a kansa ana fifita da riga ɓata lokaci ne. Saboda irin wannan rana ne ake so kowane wasa ya kasance da mota ko adaidaita sahu a tsaye, an kuma san asibitin da za a nufa tun kafin a busa usur.

Daga ina kuɗi zai fito, kuma yaya za a kauce wa zargi?

Karo-karon mako daga manyan 'yan wasa, gudummawar 'yan kasuwar unguwa, da abin da tsofaffin 'yan ƙungiya ke aikowa. Littafi ɗaya, shafin shiga da shafin fita, a karanta shi a gaban kowa ƙarshen wata. Kuɗin ƙungiya kada ya kwana a asusun koci. In ba a kai ga yin rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ba balle a buɗe asusu da sunan ƙungiya, a ajiye wurin ma'aji, kuma ba a cirewa sai mutum biyu sun sa hannu. Kuɗin mota na wasannin waje da na alƙalan wasa su ne ke cinye asusu, don haka da su ake fara lissafi.

Ɗan siyasa zai zo da kofi da jesi in zaɓe ya matso. A karɓi kayan in ana so, amma kada a sauya wa ƙungiya suna dominsa. Unguwa ba jam'iyya ɗaya take yi ba, kuma bayan zaɓe ba a cika ganin sa ba.

Kowa yana rage shekaru. In ba mu yi ba ai kullum za a ci mu?

Za a ci ku a wasu wasannin, gaskiya ne. Amma ɗan shekara 19 da ke buga gasar 'yan ƙasa da 15 ba ya koyon komai sai ture yara, yaron gaskiya kuma yana benci har ya gaji ya daina zuwa. Tun 2009 FIFA ke amfani da hoton MRI na wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma an sha sallamar yara daga sansanin Golden Eaglets, tawagar 'yan ƙasa da 17 ta Najeriya, saboda shi. A karɓi takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, lambar NIN in akwai, da shaidar makaranta tun ranar shiga, a manna hoto a fom, a ajiye kwafi.

Yaya za mu samu yardar iyaye?

A je gida a gaishe su, kada a aika yaro da saƙo. Tsoronsu uku ne: karatu, sallah, da miyagun abokai. A daidaita lokacin atisaye da na Islamiyya, wanda a wurare da yawa Alhamis da Juma'a ne ranakun hutunsa. A tashi kafin magariba ko da wasa ya yi daɗi. A riƙa duba sakamakon jarrabawa kowane zango. Fom ɗin shiga ya ɗauki sa hannun uba ko mariƙi, lambar waya biyu da bayanin duk wata larura.

Akwai ƙa'idar da ke kare yaro ta kuma kare koci: babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ba ya kwana ɗaki ɗaya da shi a tafiya, ba ya kiran sa gidansa da dare. Dukan yaro da zagin iyayensa haramun ne a fili. In ƙungiyar 'yan mata ce, lallai a samu mace babba a kowane atisaye da kowace tafiya. Dokar wasa ta amince da rufe kai tun 2014, don haka sutura ba hujjar hana su ba ce.

Muna so mu sa kofi. Yaya ake lissafin wasanni?

A sili-ɗaya-ƙwale, yawan wasanni shi ne yawan ƙungiyoyi a cire ɗaya: ƙungiya 16, wasa 15. In adadin bai faɗa 8, 16 ko 32 ba, wasu za su tsallake zagayen farko ta hanyar ƙuri'a. A ƙungiya 12, huɗu su jira, takwas su kara. A tsarin rukuni, ƙungiya huɗu suna buga wasa 6, don haka rukuni huɗu wasa 24 ne, a ƙara 7 na zagayen gaba, 31 ke nan. A fili ɗaya, wasa ɗaya a yini, wata guda cur, ban da ranakun ruwan sama.

A Nuwamba da Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, don haka minti 45 sau biyu ba zai yiwu ba in an fara huɗu da rabi, balle a je fenariti. A yi 35 ko 30. Kafin wasan farko, kowace ƙungiya ta sa hannu a kan takardar ƙa'ida: minti nawa ake jiran wanda ya makara, yaya ake raba masu maki ɗaya, wasa nawa jan kati ke hanawa, awa nawa ake da su don shigar da ƙorafi, da cewa ɗan wasa ɗaya ba ya buga wa ƙungiya biyu. Kyautar da aka yi alƙawari ta kasance a hannu kafin a sayar da fom. Masu son fita daga unguwa su tuntuɓi YSFON, ƙungiyar wasannin matasa ta Najeriya, mai shirya gasar Ramat a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammad.

Rigimar 'yan kallo fa?

Alƙalin wasa ya fito daga wata unguwa, a biya shi kafin wasa daga asusun gasa, ba daga aljihun wata ƙungiya ba. A ja igiya mita biyu ko uku daga layi. A rubuta wa DPO da 'yan sintiri takarda, musamman daga wasan kusa da na ƙarshe. Ƙa'ida ta ce ƙungiya ce ke ɗaukar laifin magoya bayanta, kuma a zartar da ita a karon farko, ko da a kan ƙungiyar mai shirya gasar ce. Yawanci daga benci wutar ke tashi: in koci ya zagi alƙali, 'yan kallo sun samu izini.

Wani ya ce zai kai yaronmu Turai in an biya kuɗi. Mu yarda?

Wanda ya nemi iyaye su biya kuɗin biza da na gwaji tun kafin a ga takardar gayyata, a yi hattara da shi. Dokar FIFA ta hana ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa ƙungiyar wata ƙasa sai a 'yan yanayi ƙalilan, kuma ana iya duba sunan wakili mai lasisi a shafin FIFA. Takardar gayyata a tabbatar da ita ta hanyar tuntuɓar ƙungiyar da kanta. Ahmed Musa ma sai da ya bi ta JUTH ta Jos da Kano Pillars kafin ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010.

Abin da ƙungiyoyin unguwa ke asara ba su sani ba shi ne haƙƙin raino. In aka sayar da ƙwararren ɗan wasa zuwa wata ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23. Amma rabon yana bin abin da ke rubuce ne a rajistar hukuma. Ƙungiyar da ba ta yi rajista da hukumar ƙwallon jiha ba, ba ta kuma shigar da sunan yaron a kakar da ya buga mata ba, ba ta da abin nunawa ko da duk unguwa ta shaida. Sakatare ya je ofishin hukumar a farkon kowace kaka da jerin sunaye, hotuna da takardun haihuwa, ya kuma dawo da kwafi mai hatimi.